Mun je Tirmiz gaida Imam, na dawo da labarin Sarki Kanishka

Shekara da shekaru Kawu yana cewa in Allah Ya ba shi iko sai ya je ya tsaya a gaban kabarin Imam Bukhari da na Imam Tirmizi ya yi musu sallama. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, amma tun ina yaro ban san ranar da ya fasa zaman karatun hadisi tsakanin magariba da lisha ba. Da niyyar ta tabbata a watan Oktoban 2024, sai ya ce ni zan raka shi, tunda ina jin Turanci kuma na saba da sha'anin waya. Shi ya ɗauki nauyin komai, ni kuma riƙon takardu da jaka. Malamin Hausa ne ni a makarantar sakandare, kuma na faɗi haka tun yanzu ne don mai karatu ya gane dalilin da ya sa wani ɗan harafi guda ya tsayar da ni a inda wasu za su wuce.

Biza ta ci mana mako biyar, sai da wani kamfanin yawon buɗe ido na Tashkent, babban birnin ƙasar Uzbekistan, ya aiko da takardar gayyata. Muka bi mota daga Kano zuwa Abuja, jirgi ya sauke mu a Istanbul, muka yi doguwar jira, sannan muka isa Tashkent kafin asuba. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu. Kuɗinsu som ne, kuma a lokacin dala ɗaya tana kusan som 12,800, wato som 100,000 ya kama wajen naira 13,000, don haka da muka canja dala 300 sai ga aljihun Kawu ya cika da miliyoyi. Jirgin ƙasa mai gudu da suke kira Afrosiyob ya kai mu Samarkand cikin awa biyu da 'yan mintoci. Muka je ƙauyen Hartang inda Imam Bukhari yake kwance, muka tarar ana babban aikin faɗaɗa wurin, Kawu ya yi addu'a yana hawaye. Wannan ziyara tana da nata labarin, ba shi na zo bayarwa yau ba.

Kwana biyu muka yi muka nufi kudu. Daga Samarkand zuwa Tirmiz ya haura kilomita 350, kuma motar haya muka shiga, farar Chevrolet Cobalt, irin wadda ta cika ƙasar har mutum kan rasa gane tasa a tasha. Kujera som 250,000. Mu biyu ne da wata dattijuwa mai komawa gida da jikanta. Ba mu yi nisa ba direba ya tsaya a bakin wani gidan mai ya yi mana alama mu sauka. Na ɗauka lalacewa motar ta yi. Ashe iskar gas motocinsu suke sha, kuma doka ce fasinja ba ya shiga wurin ɗura ta, sai dai ya jira a rumfar da aka tanada a waje. Nan dattijuwar ta kwance ƙullinta ta gutsuro gurasarsu mai faɗi da ake kira non ta miƙo mana. Da na ajiye tawa a kife kan jaka, sai ta sa hannu a hankali ta juya ta. A wurinsu ba a kifa gurasa, raini ne ga abinci. Ban sake ba har na baro ƙasar.

Hawan dutsen Tahtakaraca ya wahalar da Kawu. Hanya ce mai lanƙwasa kamar maciji, ga sanyi yana shigowa ta ko'ina, mu kuwa da 'yan rigunanmu na shadda. Sau biyu muka tsaya ya yi amai. Direban bai nuna gajiya ba ko kaɗan, ya dafa ƙirji yana cewa "Hoji ota", wato Baba Alhaji, ya samo masa shayi mai zafi a wata bukka. Muka gangara Shahrisabz, garin Amir Timur, muka wuce Guzar, ƙasa ta koma ja da fari, duwatsu tsirara babu ko ciyawa.

Daf da shiga lardin Surhandarya muka tarar da shingen jami'an tsaro. Suka karɓi fasfo ɗinmu, suka nemi 'yan takardun da kowane otal yake ba baƙo shaidar ya kwana a wurinsa. Allah Ya sa na adana su cikin ambulan. Sun riƙe mu kusan minti arba'in, ɗaya yana buga waya yana karanto sunayenmu harafi-harafi. Raina ya ɗan tashi, domin iyakar Afganistan muka dosa kuma mu kaɗai ne baƙaƙen fata a wurin. Amma da suka gama sai babbansu ya miƙo fasfo da hannu biyu ya ce a yi musu addu'a a wurin Imam. Babu wanda ya ce a ba shi na ruwa. Na tuna hanyar Kano zuwa Abuja da muka biyo kwana huɗu kafin nan, na yi shiru.

Kusa da ƙauyen Darband hanya ta ratsa tsakanin manyan duwatsu, direba ya nuna wani dogon tudu da ya bi ta kan tsauni kamar ganuwar Kano a inda ta zaizaye, ya ce "Kushon". Wannan ne karo na farko da na ji kalmar. Daga baya na gane nan ne mashigin da mutanen da suke kira Ƙofar Ƙarfe. Wani matafiyi ɗan ƙasar Sin mai suna Shuwanzang ya bi ta nan wajen shekarar 630, ya rubuta cewa ya ga ƙyamare da aka lulluɓe da ƙarfe an rataya musu ƙararrawa. Ganuwar kuwa tun zamanin Girkawa aka fara ta, sarakunan Kushan suka sake ɗaga ta don ta tsare musu iyakar arewa. A lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Yunwa nake ji.

A nan muka ci naman da ba zan manta ba. Tandir suke ce masa: a yanka rago, a jera shi cikin tanderun ƙasa tare da rassan wani itacen dutse mai ƙamshi, a toshe bakin da laka, a bar shi sa'o'i. Da kilo ake sayarwa, mun biya som 200,000. Ya fi balangu laushi nesa, ƙashi na zarewa da kansa, sai dai ba yaji ba ƙuli, gishiri ne kawai da albasa. Mai shagon ya zuba shayi a kofi ya mayar buta har sau uku kafin ya ba mu, kuma rabin kofi yake zubawa, wai don ya riƙa yi wa baƙo hidima akai-akai. Da aka gama ci kowa ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, tamkar a gida.

Da la'asar sakaliya muka isa Sherabad. A wajen garin, cikin gonakin rumman da auduga, kabarin Abu Isa Tirmizi yake, wanda ya rasu a shekara ta 279 bayan hijira, daidai da 892. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a ƙasar Hausa ya ji an ce "Tirmizi ne ya ruwaito shi". To ga shi nan, cikin ginin jan tubali mai ƙubba, ba hayaniya, ba masu bara. Kawu ya daɗe a tsaye. Da muka fito wani manomi ya cika mana leda da rumman, ko wanne ya kai dunƙulen hannu biyu, ya ƙi karɓar ko sisi.

Tirmiz gari ne shimfiɗaɗɗe mai faɗin tituna, shi ne can ƙarshen kudancin Uzbekistan kuma ya yi suna da zafi. Otal ɗinmu som 350,000 ne kwana, mu biyu, har da karin kumallo. Washegari muka tashi muka ga gari ya yi jawur, ƙura ta rufe rana, ƙofofi na bugawa. Suna kiranta iskar Afgan. Bakano ba zai ga baƙon abu a nan ba, hazon hunturu ne sak, sai dai nasu yana zuwa da ƙarfi kuma yini guda ko biyu yake yi ya wuce. Saboda ita aka ɗage fitarmu zuwa tsohon gari, mai otal ya ce mu je gidan adana kayan tarihi mu rage lokaci. Ƙurar nan ce ta haɗa ni da Kanishka, sarkin tsohuwar daular Kushan.

An buɗe gidan a 2002, lokacin bikin cikar garin shekara 2,500. Wani saurayi da ya karanta tarihi a jami'ar garin shi ya zagaya da mu. Yana jin Turanci, kuma da ya ji ni malami ne sai ya koma kirana "domla". Muka wuce manyan randuna, da kwafin wani sassaƙen dutse na makaɗa, mai garaya da mai ganga, wanda masu gadin iyaka suka tsinta a kogin Amu Darya kusa da Airtam a 1932, na ainihin yana birnin Saint Petersburg. Sai muka zo kan akwatin gilashi na tsabar kuɗi. Ya nuna wani kwabon tagulla da ya yi kore don tsufa, ya miƙo mini madubin ƙara girma.

Mutum ne a tsaye, da gemu, da doguwar riga mai buɗewa ƙasa kamar ta mahaya, da manyan takalma ƙafafu a ware. Hannu ɗaya riƙe da mashi, ɗayan ya miƙa shi kan wani ɗan murhu. A gefe akwai rubutu da haruffan Girkanci, amma na farkonsu bai yi kama da sauran ba: sanda ce a tsaye da ɗan ciki a tsakiyarta, kamar an haɗa b da p. Saurayin ya ce, "Domla, wannan ba na Girkawa ba ne. Girkanci ba shi da sautin sh. Mutanen nan kuwa ba za su iya faɗin sarki ba sai da shi, ba za su iya faɗin sunan sarkin ba, ba za su iya faɗin sunan daular ba. Sai marubutansu suka ƙara harafi." Rubutun yana cewa shao Kaneshki, Sarki Kanishka. A kan na zinariya ya fi tsawo: shaonano shao Kaneshki Koshano, Sarkin Sarakuna Kanishka Bakushane.

Tsigar jikina ta tashi. Na ciro biro na rubuta masa ɓ da ɗ da ƙ a bayan tikitin shiga. Na ce mu ma da aka kawo mana haruffan boko ba su ɗauke harshenmu duka ba, sai da aka lanƙwasa wa wasu kai a shekarun 1930 kafin a raba baki da baƙi a takarda. Kafin nan ma malamanmu na ajami sun ƙara ɗigo a kan haruffan Larabci don su rubuta tsa. Ya kalli takardar ya kalle ni. Daga nan hira ta ɓarke, muka shafe fiye da awa biyu a gaban akwati ɗaya, Kawu na zaune a kan benci ina fassara masa.

Ga labarin yadda na tattara shi. Kakannin Kanishka makiyaya ne mahaya dawaki da Sinawa suke kira Yuweci, suna zaune a yankin Gansu na arewa maso yammacin Sin. Wata ƙabila mai ƙarfi, Shiyongnu, ta fatattake su a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Suka yi ta gangarowa yamma da kudu har suka iso bakin kogin Amu Darya wajen shekara ta 130 kafin miladiyya, suka tarar da ƙasar Baktariya wadda Girkawa suke mulka tun bayan da Iskandar na Makidoniya ya ƙetare kogin a 329. Suka zauna ƙarƙashin shugabanni biyar, har Kujula Kadfises na gidan Kushan ya haɗe su ƙarƙashin tuta ɗaya. Bayansa ɗansa Wima Takto, bayansa Wima Kadfises wanda ya fara buga kuɗin zinariya da yawa, sannan Kanishka, wanda yawancin masana a yau suke sa hawansa a shekarar 127 miladiyya. Ya yi mulki sama da shekara ashirin.

Wannan jerin kakanni ba a tabbatar da shi ba sai kwanan nan. A 1993, ana tsakiyar yaƙin basasa a Afganistan, aka tono wani dutse a Rabatak, kusa da kufan Kushan na Surkh Kotal, mai layi 23 na rubutu. Masana biyu na Ingila, Nicholas Sims-Williams da Joe Cribb, suka karanta shi suka bayyana abin da ke ciki. Dutsen ya lissafa uban sarki da kakansa da kakan ubansa. Ya lissafa biranen Indiya da umarninsa ya kai: Saketa, Kausambi, Pataliputra wadda ita ce Patna ta yau, har Campa can gabas a bakin kogin Ganga. Ya nuna sarkin ya soma sabon ƙidayar shekaru daga "shekara ta ɗaya". Kuma ya ambaci cewa an fitar da sanarwar sarki da Girkanci, sannan aka mayar da ita harshen da dutsen ya kira Ariya, wato harshen mutanen Baktariya, ɗan'uwan Farisanci da Fashtu.

Kuɗin ma sun ba da shaida. Na farkon mulkinsa da Girkanci aka rubuta su, basileus basileon, wato sarkin sarakuna, kuma gumakan da ke baya da sunayen Girkawa: Helios na rana, Selene na wata. Ba a daɗe ba aka canja. Hoton bai sauya ba, amma Helios ya koma Miiro, Selene ya koma Mao, laƙabin sarki ya koma harshen gida. Girkanci ya fi shekara 400 yana harshen fada da kuɗi a wannan ƙasa, har jikokin makiyayan da suka ci ta da yaƙi suka gaje shi suka ci gaba da amfani da shi. Kanishka ne ya sauke shi daga kan kuɗi, kuma bai sake hawa ba. Harshen Baktariya ya ci gaba da zama na rubutu ƙarnuka bayan daular ta faɗi, har zuwa bayan shigowar Musulunci. Shuwanzang ɗin nan da ya bi ta Ƙofar Ƙarfe, shekara 500 bayan Kanishka, ya rubuta cewa mutanen yankin suna da haruffa 25 kuma daga hagu suke rubutu zuwa dama. Na Girkanci 24 ne. Na ashirin da biyar ɗin shi nake kallo ta madubi.

Da na fassara wa Kawu wannan, sai ya laluba aljihu ya ciro takardar naira 1,000 ya miƙa wa saurayin, ya nuna masa rubutun ajamin da ke jiki. Yaron ya yi makarantar allo irin tasu, ya haɗa baƙaƙen a hankali: "Nai-ra du-bu." Ya tambaya ko Larabci ne. Kawu ya ce, "Gaya masa Hausa ce. Harshen uwata ne." Na ƙara masa da cewa a 2007 an cire ajamin daga ƙananan takardun kuɗinmu, kuma har yau ana jayayya a kan na manyan. Sai ya yi ajiyar zuciya ya ce su ma sun san wannan ciwo. Da haruffan Larabci kakanninsu suke rubutu, a ƙarshen shekarun 1920 Tarayyar Sobiyet ta mayar da su na Latin, a 1940 aka koma na Rasha, a 1993 aka sake komawa Latin. Ya ce akwai wasiƙun kakan babansa a akwati, a duk gidansu shi kaɗai yake iya karanta su.

Ban ce Kanishka waliyyi ba ne. Mayaƙi ne, kuma daular da ta tashi daga wannan kogi ta kai tsakiyar Indiya ba da lallashi aka kafa ta ba. Babban birninsa Purushapura, Peshawar ta Pakistan a yau, sai Mathura a Indiya, inda aka tono gunkinsa ba kai, da takobi da ƙaton kulki, da rigar nan da takalman nan na mutanen sanyi a tsakiyar ƙasar zafi. Dukiyarsa daga hanya take. Alharinin Sin, da kayan ƙamshi da duwatsu masu daraja na Indiya, da kayan Rum, duk ta ƙasarsa suke ratsawa, kuma kuɗinsa na zinariya nauyinsu wajen giram 8 ne, kusan daidai da na Rumawa. A Dalbarzin Tepe, arewa da Tirmiz, an tono tulu a 1972 cike da kayan zinariya 115 masu nauyin kusan kilo 36. Duk Bahaushen da ya san abin da fatauci ya yi wa Kano da Katsina zai gane yadda aka yi. Littattafan mabiya Buda da aka adana a Sin suna ba da labarin ƙarshensa, cewa jama'arsa sun gaji da yaƙe-yaƙensa, da ya kwanta ciwo sai suka danne shi da bargo har ya mutu. Labari ne na baka da aka rubuta daga baya, amma ya nuna yadda aka tuna da shi. Huwishka ne ya gaje shi.

Washegari gari ya waye tas. Muka ɗauki mota yini guda a kan som 400,000, saurayin ya biyo mu. Da Kawu ya ji cewa wurin da za mu fara zuwa tsohon gidan ibadar mabiya Buda ne, sai ya ɗaure fuska. Ya ce, "Ɗana, ni wurin malamai na zo, ba gidan gumaka ba." Na ce, "Kawu, babu mai bauta a can yau, kufai ne." Ya yi shiru har muka fita gari, sannan da kansa ya ce ai Alƙur'ani ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ya ce mu je.

Fayaz Tepe ke nan, wanda aka gano a 1968 bayan wani makiyayi ya tsinci sassaƙe a cikin yashi, aka sa masa sunan shugaban gidan tarihin garin na lokacin. Ginin ƙasa ne tsantsa. Na shafa bangon na ga ɗanyen tubali da yaɓe mai haɗe da ciyawa, irin wanda maginanmu suke yi har gobe. An raba shi uku: wurin ibada, ɗakunan kwanan masu zaman zuhudu kewaye da tsakar gida, da sashen girki da cin abinci, inda har yanzu ake ganin gurbin murhu. Ruwa kuwa ta magudana ake jawo shi daga kogi. A gefe akwai wani dunƙulallen gini mai kama da rumbu wanda suke kira stupa, an yi masa sabuwar ƙubba don kare shi daga ruwan sama, sai ka sunkuya ka leƙa ka ga na ainihin a ciki. An tsinci fasassun tukwane a nan da rubutun Indiya iri biyu da na Baktariya. Kawu ya tsaya a ƙofar wani ɗan ɗaki da bai fi tsawon tabarma biyu ba, ya ce, "Almajirai ne su ma, sai dai hanya ta bambanta."

Mabiya Buda suna girmama Kanishka ƙwarai. Suna cewa a zamaninsa aka tara malamansu a Kashmir don daidaita littattafansu, kuma shi ya gina hasumiyar Peshawar wadda matafiyan Sin suka ce ba su ga mai tsayinta ba. An tono gindinta a 1908 zuwa 1909. Yana cikin sarakunan farko da suka sa hoton Buda a kan kuɗi, da sunansa a rubuce, Boddo. Amma waɗannan kuɗi kaɗan ne. Mafi yawa gumakan Iraniyawa ne, kuma dutsen Rabatak cewa ya yi daga wata abar bautarsu mai suna Nana ya sami sarauta. Abin da na fahimta shi ne sarki ne mai jama'a iri-iri, ya bar kowa da abin bautarsa, kuma a inuwar wannan zaman lafiya addinin Buda ya bi ayarin fatake ya ƙetara zuwa Sin. Ya rayu fiye da shekara 450 kafin aiko Manzon Allah (SAW). Hisabinsa yana wurin Ubangijinsa.

Muka hango hasumiyar Zurmala a tsakiyar gonar auduga, curin tubali mai tsayin kusan mita 13, ya tsage daga sama har ƙasa, mata na tsinkar auduga a gindinsa. Kara Tepe ba mu shiga ba, yana cikin yankin sojojin iyaka kuma sai da izini na musamman. Muka yi yamma kilomita 30 zuwa Kampir Tepe, wanda masanin nan Edvard Rtveladze ya gano a 1972. Mashigin kogi ne a da, inda ayari ke sauka a yi musu fito. Nan ne ya fi kama ni. Lunguna ne ƙanana da ɗakuna a jere, kamar ka shiga tsohuwar unguwa a cikin birni an ɗauke rufin, kuma ɗaki bayan ɗaki ga manyan randuna a binne har wuya, inda aka ajiye su. A zamanin Kushan garin ya cika ya batse, kuma bai daɗe bayan Kanishka ba aka watse aka bar shi. Kogin ma ya janye ya yi nisa, sai fadama a ƙasa. Babu kowa sai mu da iska.

Da yamma muka dawo tsohuwar Tirmiz, wadda rundunar Janghis Khan ta rusa a 1220. A nan kabarin Hakim Tirmizi yake, malamin sufaye, wanda mutane da yawa suke ruɗa shi da mai hadisi alhali mutum biyu ne. Bayan lambun akwai waya mai ƙaya, bayan wayar ga kogin Amu Darya, Jaihun na littattafan Larabawa, ruwansa ja kamar kunun kanwa. Wannan ne kogin da ake nufi in an ce Ma Wara'an Nahar, wato ƙasar da ke bayan kogi. Direba ya gargaɗe ni kada in ɗaga waya ta wannan fuska. Ƙetare kuwa Afganistan ce, ana hango ta ƙuru-ƙuru. Gadar da ta haɗa ƙasashen biyu, wadda aka gina a 1982 kuma ta kanta sojojin Sobiyet na ƙarshe suka fito a Fabrairun 1989, tana can gabas da gari. Tsohon birnin Balkh yana ƙetare, Surkh Kotal da Rabatak suna gaba da shi. A zamanin Kanishka wannan kogi tsakiyar ƙasa yake, mutum ya biya kuɗin fito da kwabo mai hoton sarki ya haye. Na tsaya ina kallon inda dutsen Rabatak ya fito, tafiyar yini ɗaya a mota, ba halin zuwa.

Muka yi sallar magariba a masallacin wurin. Bayan an idar dattawa suka kewaye Kawu, ba mai jin harshen wani, amma da aka ce dunyo, kalam, tarih, hukumat, sai ga shi muna gane juna da guntayen Larabcin da ya shiga bakinmu da nasu. Wani ya kawo mana wani ɗan itace da suke kira hurmo, ɗan'uwan kanya ne amma ya kai girman tumatir.

Da jirgin ƙasa na dare muka koma Tashkent, ɗaki mai gado huɗu, som 320,000 kowanne, tafiyar kusan awa goma sha huɗu. Saurayin ya rako mu tasha. Kawu ya ce ya riƙe naira dubun nan, shi kuma ya ba ni tikitin da na yi wa rubutu, ya zana harafin Kushan a ƙarƙashin ƙ ɗina. Rumman biyu ne suka iso Kano da rai, Kawu ya fasa su a zauren karatu aka raba wa almajirai ƙwaya-ƙwaya.

Ranar Litinin ina da 'yan aji biyar, darasin ƙa'idojin rubutu. Kullum sai na yi faɗa da su a kan ƙin lanƙwasa ƙ da ɗ, suna cewa a waya ba a samunsu. Na ɗauki alli na zana sanda da ɗan ciki a tsakiya, na ce wa ya san wannan. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam, b ce ta karye." Na ce su buɗe littafi su rubuta 127, sannan na fara musu daga makiyayan Gansu.